Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar Filato: ku riƙa faɗa mana abin da aka bari

Zuwa ga Mai Girma Kakakin Majalisa da sauran 'yan Majalisar Dokokin Jihar Filato,

Ranku ya daɗe. Ina gaishe ku gaisuwar ban girma, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da jama'ar mazaɓunku. Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni malamin makarantar sakandare ne a nan cikin garin Jos, darasin tattalin arziki nake koyarwa. Na rubuto muku da Hausa ne saboda da ita muke ciniki a Farin Gada da Katako da Bukuru. A kanta Birom da Ngas da Tarok da Mwaghavul da Afizere da Anaguta da Fulani da Hausawa suke haɗuwa in an zo taya buhun dankali. Maganar kuɗin jama'a zan yi, don haka ina so masu kuɗin su ji da kunnensu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a cikin aji. Duk shekara, in sababbin ɗalibai suka shigo aji huɗu, darasin farko da manhaja ta ce a koya musu shi ne ƙarancin abin hannu, da zaɓi, da jera buƙatu bisa fifiko. Na daɗe ina rubuta musu ma'anoni a allo suna haddacewa don jarrabawa. Bana sai na sake salo. Na rubuta ₦5,000 a allo, na ce musu wannan shi ne kuɗin cefanen yini guda na gida mai mutum bakwai. A gefe na jera garin masara, man ja, kayan miya, gawayi, ruwan 'yan garuwa, sabulu, kuɗin keke zuwa makaranta, da maganin zazzaɓin ƙaramin yaron gidan. Na ce kowa ya raba kuɗin. Aji ya kaure da gardama, domin ko ta ina aka ɓullo kuɗin ba ya kaiwa. Masu cewa a bar sabulu suna yi, masu cewa yara su taka a ƙafa suna yi. Can sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu, ta ce: "Malam, in Mamanmu ta dawo daga kasuwa, ba abin da ke cikin leda take lissafawa ba. Abin da ta baro a kasuwa take lissafawa."

Ban gama jinjina maganarta ba wani yaro daga bayan aji ya ce: "To Malam, ita ma gwamnati haka take yi? In haka ne, me ya sa kullum a rediyo abin da za a yi muke ji, ba mu taɓa jin abin da aka fasa ba?"

Na ce masa zan kai tambayarsa wurin waɗanda ya dace su amsa. Ku ne.

Ku yi mini haƙuri in ɗan yi aikin malanta, ba don ina zaton ba ku sani ba, sai don mai karatu ya bi mu. A shekarar 1932 wani masanin tattalin arziki na Ingila, Lionel Robbins, ya ba da ma'anar wannan fanni da har yau yaranmu suke haddacewa: nazarin yadda ɗan Adam yake yi da buƙatunsa masu yawa, alhali abin biyansu kaɗan ne, kuma wannan kaɗan ɗin ana iya juya shi ta fuska fiye da ɗaya. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ƙashin bayan maganar. Fili guda a Tudun Wada ana iya gina asibiti a kansa, ana iya gina makaranta, ana iya yin shaguna, amma da zarar an aza harsashin ɗaya, sauran biyun sun tafi. Bahaushe ya riga Bature faɗa: taura biyu ba ta taunuwa.

Mutane suna haɗa ƙarancin da muke magana a kai da talauci, alhali kowanne da inda ya dosa. Talauci wasu yake kamawa ya bar wasu. Ƙaranci kuwa bai bar kowa ba. Attajirin da ya fi kowa dukiya a Najeriya sa'a 24 gare shi a yini, daidai da mai tura kurar ruwa a Unguwar Rogo. Amurka da duk arzikinta a kowace shekara sai majalisarta ta yi ta jayayya kan inda za a sa kuɗi da inda za a rage. Tunda babu wanda ya tsira daga ƙaranci, babu wanda ya tsira daga zaɓi. Kuma duk zaɓi yana da farashi iri biyu. Akwai kuɗin da aka ƙirga aka miƙa. Akwai kuma abu mafi amfani da wannan kuɗin zai iya yi da ba a kashe shi a nan ba. Masana sun ce na biyun shi ne farashi na gaskiya, kuma shi ne wanda mahaifiyar ɗalibata take lissafawa a bakin murhu.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, babu gidan da bai zama ajin koyon wannan darasi ba. Litar da ake saya ƙasa da ₦200 ta haura ₦500 cikin 'yan kwanaki, daga nan ta ci gaba da hawa. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga ₦30,000 zuwa ₦70,000 a 2024, amma duk ma'aikacin da ya shiga kasuwa ya san mudu ya riga albashi gudu. Ku tambayi mai keke yadda yake yanke shawara tsakanin sauya taya da biyan kuɗin makarantar ɗansa. Ku tambayi manomin dankalin turawa a Bokkos ko Mangu, wanda kuɗinsa ba zai sayi takin zamani da maganin feshi gaba ɗaya ba: in ya bar taki, dankali ba zai yi girma ba, in ya bar magani, cutar da ke ƙone ganye da damina tana iya cinye gonar cikin mako biyu. Ku tambayi ɗan fansho mai hawan jini da ya koma shan ƙwayarsa yau ya tsallake gobe don ta kai ƙarshen wata. Waɗannan mutane ba su karanta Robbins ba, amma kowannensu yana iya faɗa maka dalla-dalla abin da ya ɗauka, da abin da ya bari, da dalilinsa. Shi ya sa nake ganin ba a nemi abu mai yawa ba in an ce gwamnatinsu ta yi musu irin wannan bayani.

Na san bayan cire tallafin kason da jihohi suke samu daga asusun tarayya ya ƙaru a lissafin naira. Na kuma san buhun siminti da rodi da man dizal da magani duk sun tashi tare da shi. Ƙarin kuɗi bai kawar da ƙaranci ba, kuma ba zai taɓa kawar da shi ba. Jihar da ke da ƙananan hukumomi 17, daga Jos ta Arewa har Wase da Langtang da Shendam, kowacce da hanyar da ta lalace da asibitin da ba likita, ba ranar da kuɗinta zai ishe ta. Saboda haka in jami'i ya ce "babu kuɗi", gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Cikon maganar shi ne: akwai kuɗi kaɗan, an sa shi a wani wuri. Wannan wurin muke so a nuna mana, a faɗa mana dalilin da ya sa ya fi namu.

Ranku ya daɗe, tsarin mulkin 1999 ya sa mabuɗin wannan ɗaki a hannunku. Sashe na 121 ya ce gwamna ya kawo muku ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa, sashe na 120 ya hana a taɓa asusun jiha sai da izinin doka, sashe na 128 ya ba ku ikon bincike. Kasafin kuɗi ba komai ba ne illa jerin buƙatu bisa fifiko, irin wanda nake sa yara su rubuta, sai dai nasa ya shafi miliyoyin mutane. Matsalar da nake gani ita ce takardar kasafi, a ko'ina cikin ƙasar nan, gefe ɗaya kawai take nunawa. Za ka ga an ware kaza don gina kaza. Ba za ka ga layin da ya ce: saboda mun zaɓi wannan, ga abin da ba za a yi bana ba. Ana yi wa kasafi suna mai daɗi, a karanta jimilla, a yi tafi, jama'a su watse kowa yana zaton nasa yana ciki. In shekara ta ƙare bai gani ba, sai ya ce an cuce shi, ko ya ce an yi wa ƙabilarsa ko addininsa wariya. A jiha irin tamu, kun fi ni sanin inda irin wannan zato yake kaiwa.

Babbar buƙatata ke nan. Duk wani babban aiki da za ku amince da shi, ku nemi ma'aikatar da ta kawo shi ta haɗo da shafi guda, cikin harshe mai sauƙi, da ke cewa: ga abin da kuɗin nan zai yi, ga abubuwa biyu ko uku da zai iya yi da an juya shi, ga dalilin da ya sa muka fifita wannan. In motocin jami'ai za a saya, a rubuta azuzuwa nawa kuɗin zai rufe wa kwano. In gadar sama za a yi, a rubuta kilomita nawa na hanyar karkara aka jinkirta. Ban ce kada a sayi mota ba, ban ce gada ba ta da amfani ba. Duk wanda ya san mahadar Sakatariya kafin a yi mata gada ya san an samu sauƙi. Mai yiwuwa bayan an auna, gadar ce za ta yi nasara. Abin da nake nema shi ne a yi awon a gaban masu kaya.

Bari in tsaya kan abin da ya fi ci mini rai, wato babbar kasuwar Jos ta Taminus. A watan Fabrairun 2002 gobara ta cinye ta. Waɗanda suka san ta suna tuna yadda fatake suke zuwa daga jihohin maƙwabta har da ƙasashen waje, ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Aka shafe fiye da shekara 20 ba ta dawo ba. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowacce da alƙawarinta. A 2022 gwamnatin Simon Lalong ta kawo shirin sake gina ta da haɗin gwiwar bankin Jaiz, aka yi ta taƙaddama a kai, shirin bai kai ga gini ba. Ban zo in tayar da waccan gardama ba, kowane ɓangare yana da abin da yake tsoro, kuma tsoron mutane abin saurare ne. Abin da nake so ku duba daban ne.

A duk waɗannan shekaru, in aka tambaya, amsar ita ce gina kasuwar yana da tsada. Gaskiya ne. To rashin gina ta fa, nawa ya ci? Wa ya taɓa zama ya ƙirga kuɗin hayar shaguna da harajin da jiha ba ta karɓa ba shekara bayan shekara? Wa ya ƙirga 'yan kasuwar da jarinsu ya ƙone, suka koma baza kaya a bakin titin Ahmadu Bello, rana ta doke su, ruwa ya doke su, yau a kore su gobe su dawo? Wa ya ƙirga waɗanda suka tattara suka koma Kano ko Abuja ko Bauchi da jarinsu da yaran shagonsu? Akwai yaran da aka haifa a shekarar gobarar, sun girma, wasu sun yi aure, ba su taɓa sanin garinsu da cikakkiyar babbar kasuwa ba. Kuma akwai wata asara da ba ta shiga littafin akanta. A Taminus, shagon Musulmi yana jikin na Kirista, in ɗaya zai tafi salla ko coci ɗayan ne yake duba masa kaya. Bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, unguwanni suka rabu, ƙananan kasuwanni suka rabu, wurin da zai tilasta mana haɗuwa kullum kuwa yana kwance cikin toka. Wannan ma farashi ne, kuma mun biya.

Ina gaya wa ɗalibaina cewa ƙin yanke shawara shi ma yanke shawara ne. Wanda ya tsaya a mararraba har dare ya yi, ya zaɓi kwana a hanya. Duk shekarar da aka ce "a bari tukuna", an zaɓi wani abu, sai dai ba wanda ya sa hannu a takarda, don haka ba wanda za a tambaya.

Akwai kishiyar wannan kuma: aikin da aka fara, aka zuba masa kuɗi, ya tsaya, sannan duk shekara a yafa masa ɗan abin da ba zai kai shi ko'ina ba, saboda ana jin nauyin a ce an yi asarar na baya. Mutanen Jos sun ga yadda sabon filin wasa na titin Zariya ya ɗauki shekaru masu yawa ana yi ana tsayawa. Ƙa'idar da muke koyarwa ita ce kuɗin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, ko an ci gaba ko an fasa, don haka bai kamata ya shiga lissafin gobe ba. Tambaya ɗaya ce: nairar da za mu ƙara yanzu, a nan ta fi amfani ko a wani wuri? In a nan ne, a zuba isasshe a gama. In ba a nan ba ne, a fito a faɗa, a nemi wanda zai karɓa ko a sauya wa ginin aiki. Raba kuɗin aiki biyar ga ayyuka hamsin yana faranta ran kowa ranar karanta kasafi, amma a ƙarshen shekara harsashi hamsin za a samu, ba ko ɗaya da aka yi wa rufi.

Za a zo muku da alƙaluman da aka yi alƙawari a manyan taruka. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ce kashi 15 cikin 100 na kasafi ya tafi ga lafiya. A 2003 a Maputo suka ce kashi 10 ya tafi ga noma. Malamai 'yan uwana suna da nasu kason da suke nema wa ilimi, kuma ina tare da su. Ga albashi, ga fansho da giratuti, ga bashin da ake cirewa tun kafin kuɗi ya iso, ga tsaro, wanda ba mai hankalin da zai ce a rage shi bayan hare-haren da mutanen Bokkos da Barkin Ladi da Mangu suka gani. In ka tara duka za ka wuce ɗari, kasafi kuwa ɗari ne cif. Ni malami ne, da son raina ne da ilimi ya kwashi kaso mafi tsoka. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce hakan ba zai taɓa asibiti ba. Zai taɓa. Na fi son ɗan majalisar da zai dube ni ya ce, "Malam, bana mun fifita asibitocin karkara a kan gyaran makarantarku, ga dalili, ga shekarar da za mu zo kanku," a kan wanda zai ce mini kowa zai samu.

Wani zaɓin kuma ba shi da wuya ko kaɗan. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kuɗi daga asusun tarayya don makarantun firamare da ƙananan sakandare, amma sai jiha ta ajiye nata kason daidai da na tarayya kafin ta karɓa. An sha ba da rahoton biliyoyin naira suna kwance a Abuja saboda jihohi da dama ba su ajiye nasu ba. Nairar da in ka ajiye ta za ta jawo 'yar uwarta, ita ya kamata ta hau saman jeri kowace shekara. Ina roƙon ku riƙa tambaya a kan wannan tun kafin a rufe kasafi.

Sai abubuwan da ba a yanka musu kyalle. A watan Yulin 2012 ruwan sama mai ƙarfi ya sauka, ruwa ya tumbatsa daga madatsar Lamingo ya bi ta Rikkos da unguwannin da ke kusa da rafi, ya tafi da gidaje da gomman rayuka. Yashe magudanar ruwa, da kwashe shara kafin damina, da duba lafiyar madatsa, da hana gini a hanyar ruwa, ba ayyuka ne da ake kiran 'yan jarida a ɗauki hoto ba. In an yi su, sakamakon shi ne ba abin da ya faru, kuma ba a yi wa mutum godiya kan abin da bai faru ba. Shi ya sa su ne farkon abin da ake yankewa in kuɗi ya gaza. Haka allurar rigakafi, haka gyaran bututun ruwa da ya tsufa. A unguwarmu mun fi sanin mai kura fiye da famfo, kuma in magidanci ya tara abin da yake ba 'yan garuwa a wata, zai ga ya ninka abin da zai biya da ruwa yana zuwa gida. Kuɗin da ba a kashe a kan bututu ba bai tsira ba. An mayar da shi ne kan aljihun talaka, jarka bayan jarka.

Wannan ya kawo ni kan tambayar da littattafan aji huɗu ba su cika tsayawa a kanta ba: wa yake zaɓa, wa kuma yake biya? A gida, mai zaɓa da mai biya mutum ɗaya ne, shi ya sa uwa take auna kowace naira. A gwamnati kuwa sukan bambanta. Kakana haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, kamar dubban mutane daga ko'ina a ƙasar nan. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka buɗe ƙasar nan suna kwasa, har aka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya saboda ita. Kuza ta gina Jos da Bukuru, ba mai musun wannan, ta kuma ciyar da gidanmu. Amma da harkar ta ja baya, kasuwarta ta duniya kuma ta rushe a 1985, riba ta riga ta haye teku. Abin da ya rage mana shi ne kududdufai da ramuka a gonakin mutanen da ba a taɓa tambayar ra'ayinsu ba. Jikokinsu suna biya har yau, da ƙasar noman da ta salwanta, da yaran da ruwan kududdufi yake ci. Waɗanda suka yanke shawarar sun ƙirga abin da za su samu. Abin da za a bari, wasu aka bar wa.

Yau ma ana haƙa, da diga da shebur, kuma ina ganin abin a rajistar ajina. Yaro zai ɓace mako uku, in ya dawo ka ga hannunsa ya faffashe. In ka yi masa faɗa sai ya ce, "Malam, a rami ina samun na abinci yau. A aji me zan samu yau?" Lissafinsa na yau daidai ne. Abin da ba ya iya gani shi ne abin da ya bari na shekara goma masu zuwa, kuma yunwa ba ta barin mutum ya hango nesa. Aikin hukuma ne ta sauƙaƙa masa zaɓin, ta sa zaman aji ya rage tsada a kansa, ta kuma tabbatar akwai malami da allo da abin koyo da zai sa zaman ya zama riba. Haka bashin da za ku amince a ciwo: ku da kuka ɗaga hannu ba lallai ku ne za ku biya ba, wannan yaron ne. In za a ci bashi da sunansa, a ci don abin da zai tarar yana aiki in ya girma.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ban raina shi ba. Ku 24 ne, kowa da mazaɓar da ta aiko shi, kowa in ya koma gida za a tambaye shi abin da ya kawo. Ɗan majalisar da ya ce "na yarda a fara da mazaɓar maƙwabcina" yana iya rasa kujerarsa. Siyasa ke nan, ni ma a garin nan nake zaune. Amma ina ganin an raina fahimtar mutanenmu. Matar da take raba ₦5,000 ga mutum bakwai ta san ba a samun komai a lokaci guda. A adashi ma wani yake fara ɗauka wani ya jira, kuma ba a faɗa, saboda kowa ya san jerin, ya san ranarsa, ya san uwar adashi ba za ta sauya suna cikin dare ba. Abin da ke kawo rigima shi ne a ce babu jeri, ko a ce akwai amma a ɓoye. In kuka fitar da jerin hanyoyi da asibitoci da makarantun da za a gyara cikin shekara huɗu, kowanne da shekararsa da ma'aunin da aka bi, mutane da yawa za su jira. Haka ayyukan mazaɓu: kafin a raba babura ko injin markaɗe, a tara mutanen gunduma a ce musu ga adadin kuɗin, ga abu uku da zai iya yi, ku zaɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ina kuma roƙon zaman sauraron ra'ayin jama'a kan kasafi ya fito daga ɗakin taro. A yi shi a Shendam da Pankshin da Jos, a ranar da 'yan kasuwa da manoma za su iya zuwa, da Hausa da harsunan yankin, a kuma karanta taƙaitaccen bayaninsa a rediyo. In shekara ta raba, a dawo a faɗa mana nawa ya shigo cikin abin da aka yi hasashe. Sau da yawa a nan ne zaɓi na gaskiya yake faruwa: an rubuta ɗari, saba'in ta shigo, sai wani a ofis ya yanke wanda za a sakar wa kuɗi da wanda zai jira, ba tare da ku ko mu mun sani ba. Ku nemi a kawo muku wannan jerin na biyu. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya dace ku nemi shugabanninsu da kansilolinsu su ma su riƙa yi wa jama'arsu irin wannan bayani.

Buƙatata ta ƙarshe ƙarama ce. In lokacin kare kasafi ya zo, ina neman izini in kawo ɗalibaina na aji huɗu su zauna a wurin 'yan kallo, ko da na yini ɗaya ne. Zan sa kowannensu ya zo da takarda mai layi biyu, ɗaya na abin da aka zaɓa, ɗaya na abin da aka bari. Yaron da ya yi tambayar zai zo, yarinyar ma za ta zo in mahaifiyarta ta samu wanda zai tsare mata tukunyar awara a ranar.

Allah ya ba jiharmu zaman lafiya, ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Malamin tattalin arziki,
Jos, Jihar Filato.